A Sauko da Horon Dokokin Fitar da Kaya Zuwa Dawanau

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen wake daga Najeriya. Tun daga farkon 2013 jami'an da ke duba abinci a tashoshin ƙasashen Turai suka yi ta aika sanarwar gargaɗi, har ta haura 50, kuma kusan dukkansu a kan abu guda: ragowar maganin ƙwari na daikulobos, wanda masu sito suka fi sani da DDVP ko fiya-fiya. Dokar Turai ba ta yarda ragowar wannan sinadari ta wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, amma an samu waken da ke ɗauke da har miligiram 4.6, wato ninki 460 na abin da aka amince da shi. Da farko haramcin na shekara ɗaya ne. A 2016 aka tsawaita shi da shekara uku, a 2019 aka sake tsawaitawa. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya ta rasa kasuwa saboda abin da ake zubawa cikin buhu a sito. Ra'ayina a kan wannan shi ne, sanin dokokin fitar da kaya, da lasisinsa, da ƙa'idojin ƙasar da za a kai wa, wani ɓangare ne na jarin ɗan kasuwa, daidai da sito da mota da kuɗin juyawa, kuma horon da ake bayarwa a kansa ba zai yi amfani ba muddin ya tsaya a ɗakunan taron otal na Abuja da Legas, ana yin sa da Turanci, ana raba takardar shaida ga mutanen da ba su taɓa ɗinke buhu ba.

Laifin da ya jawo haramcin wake ba a tashar Apapa aka yi shi ba. An yi shi ne watanni kafin kwantena ta isa can, a hannun yaron sito ko ɗan sari a kasuwar ƙauye wanda ke tsoron kada ƙwari su huda masa kaya kafin farashi ya tashi. Shi a ganinsa kare dukiya yake yi, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa cewa akwai na'urar da ke gano ɗigon maganin bayan wata shida, ko cewa akwai buhunan PICS masu ruɓi uku da ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, waɗanda aka fara gwada dabararsu a arewacin Kamaru tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, kuma ana yin su a Kano. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma haka dokar cinikin duniya take aiki: ƙasar da ke sayen kaya ba ta hukunta mai sito ɗaya, sunan ƙasa gaba ɗaya take rubutawa. Haka ya faru da zoɓo, lokacin da Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya, ta dakatar da karɓa bayan an ga ƙwaron ajiya da ake kira kafra a cikin kaya. Manomin Maigatari da Gumel da Suletankarkar da bai taɓa ganin kwantena ba shi ya ɗauki asarar, domin farashi ya faɗi a hannunsa, aka ɗauki shekaru kafin a daidaita a kan sharuɗɗan feshi da bincike. Riɗinmu ma, wanda Japan da Sin da Turkiyya ke saye da yawa, yana cikin jerin kayan da Turai ke tsananta wa bincike saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda ke shiga ta wurin shanya a ƙasa inda kaji da awaki ke yawo. Tunda hukuncin na kowa ne, bai kamata a bar ilimin kauce masa ya zama sha'anin kamfani ɗaya ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan ilimi a matsayin cike fom kawai, to ko cike fom ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Wanda zai fitar da kaya bisa doka daga Najeriya sai ya yi rajistar kamfani, ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta NEPC wadda aka kafa a 1976, ya buɗe fom ɗin NXP ta hannun bankinsa, ya biya kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan a matsayin kuɗin sa ido, jami'an binciken kafin lodi su duba su ba shi shaida. In kayan gona ne, sai ya samu takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS. In abinci ne da aka sarrafa, sai NAFDAC ta sa hannu. Sai ya san lambar da Ƙungiyar Kwastam ta Duniya ta ba kayansa, domin riɗi 1207.40 ne a kowace tasha ta duniya, kuma kuskuren lamba ɗaya yana iya sauya haraji ko ya sa a riƙe kaya ana lissafa masa kuɗin jira kullum da dala. Bayan jirgi ya tashi ma bai gama ba, domin Babban Bankin Najeriya ya wajabta a dawo da kuɗin kayan da ba na man fetur ba cikin kwana 180, kuma a farkon 2025 ya sanar da cewa ya daina amincewa da roƙon ƙarin wa'adi. Ɗan kasuwar da ya ba mai saye a Dubai bashin wata takwas saboda zumunci da yarda, bai san ya karya doka a gida ba sai ranar da banki ya ƙi buɗe masa sabon fom.

Akwai kuma kayan da doka ta hana a fitar ko ta ɗaure su da izini, kuma wannan jeri ba ya zama wuri ɗaya. A jerin Hukumar Kwastam akwai masara, da katakon da ba a sarrafa ba, da ɗanyar fata, da tarkacen ƙarfe, da kayan tarihi, da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa. Itacen madobiya da aka yi ta sarewa a Taraba ana kai wa Sin ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 2016, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Najeriya. A Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da wake zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso, abin da ya taɓa kasuwannin Jibiya da Illela kai tsaye. A ƙarshen Agustan 2025 gwamnatin Najeriya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen 'ya'yan kaɗanya na wata shida, farashi ya ruguje cikin kwanaki, waɗanda suka tara kaya a Neja da Kwara da alkawarin lodi a hannunsu suka rasa yadda za su yi. Ana iya jayayya a kan hikimar kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, kuma ina ganin yadda aka sanar da na kaɗanya ba tare da wa'adi ba ya cutar da matan karkara masu tsinta. Amma ɗan kasuwar da aka horar ya san ya sa sharaɗi a yarjejeniyarsa da mai saye, wanda zai kare shi idan gwamnati ta hana fitar da kaya bayan an ƙulla ciniki. Wanda ba a horar ba yakan yi asara sau biyu, kaya sun maƙale, mai saye kuma yana neman diyya.

Ɓangaren da aka fi sakaci da shi a wajenmu shi ne na kayan da ke da amfani biyu da kuma takunkumi, wataƙila don ana ganin sha'anin manyan ƙasashe ne. Kayan amfani biyu su ne waɗanda ake aikin yau da kullum da su amma ana iya juya su ga yaƙi: jirgi marar matuƙi, wasu sinadaran taki, na'urorin sadarwa, kayan fasa dutse. Ƙasashen da ke ƙera su suna bin tsare-tsare irin na Wassenaar na 1996, suna tambayar wane ne zai yi amfani da kayan a ƙarshe, kuma a Najeriya Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ne ke ba da takardar shaidar hakan. Mai shigo da jirgi marar matuƙi don feshin gona a Kadawa, ko mai sayar da taki da ke tura kaya gabas ta hanyar Maiduguri, yana cikin wannan doka ko ya sani ko bai sani ba. Batun kuɗi ya fi wannan tsanani. A 2014 bankin BNP Paribas na Faransa ya biya tarar kusan dala biliyan 8.9 a Amurka saboda ya sarrafa kuɗaɗen da suka shafi Sudan da Iran da Kyuba a lokacin takunkumi. Tun daga nan manyan bankunan da dala ke bi ta cikinsu suka ƙara tsoro, suna riƙe duk kuɗin da sunan mai aikowa bai dace da sunan da ke kan takardar kaya ba. Al'adarmu kuwa ita ce mai saye ya ce wani ɗan'uwansa a wata ƙasa zai biya, ko a bi ta hannun ɗan canji. An taɓa hukunta wasu 'yan Najeriya shida a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bisa laifin tura kuɗi ga Boko Haram, Amurka kuma ta sa sunayensu a jerin takunkumi a 2022. Mai riɗin da kuɗinsa ya ratsa ta asusun wani da ke irin wannan jeri ba zai kuɓuta da cewa bai sani ba. Duba sunan abokin ciniki a jerin Majalisar Ɗinkin Duniya da na Amurka da na Najeriya aikin minti goma ne a wayar hannu, kyauta, amma sai an koya wa mutum cewa jerin yana nan.

Hujjar farko da masu adawa da wannan ra'ayi ke kawowa ita ce, ai wannan aikin ejan ne, Alhaji ya sayi kaya, ejan ya yi takardu. Ejan nagari yana da amfani ƙwarai, ba kuma ina cewa kowane attajiri ya koma zaman layi a ofishin kwastam ba. Sai dai sunan da ke kan fom ɗin NXP na mai kaya ne, asusun da za a toshe nasa ne, kuma sunan da mai saye a Osaka ko Izmir zai goge daga littafinsa nasa ne. Ejan yana karɓar kaya bayan an riga an yi musu feshi, an shanya su, an gauraya na bara da na bana, don haka ba shi da ikon gyara abin da ya lalace a baya. Mai kayan da bai san ƙa'ida ba kuma ba zai iya bambance ejan mai gaskiya da wanda ya sayo masa takardar feshi ba tare da an yi feshin ba. Sanin da ake buƙata daga gare shi shi ne wanda zai sa ya iya tambaya, ya karanta abin da zai sa wa hannu, ya kuma ƙi abin da ya kamata a ƙi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma masu ilimi ne ke kawo ta: cewa waɗannan ƙa'idoji shinge ne da ƙasashe masu arziki ke kafawa don kare manomansu, suna fakewa da lafiya. Akwai gaskiya a ciki. Ƙa'idar Turai kan gubar afulatoksin a gyaɗa ta fi ta hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya tsauri, kuma ƙasashen Afirka sun daɗe suna kukan haka a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Wannan yaƙi ne da ya kamata gwamnati ta yi a teburin tattaunawa, da masana da alƙaluma. Amma ɗan kasuwa ba zai ci nasarar wannan muhawara a bakin tashar Rotterdam da kwantenarsa a tsare ba. Ban da haka, ninki 460 ba batun tsaurin Turawa ba ne. Waken da aka ƙi karɓa a can irinsa ne muke dafa wa 'ya'yanmu alale da ƙosai, kuma gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara tana da alaƙa da kansar hanta ko wane ne ya ci. Idan tsoron rasa kasuwar waje ne zai sa a daina zuba fiya-fiya a abinci, a riƙa amfani da Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar don rage gubar tun daga gona, to mu ne farkon waɗanda za su amfana, tun kafin wani Bature.

Hujja ta uku ita ce matsalar ba jahilci ba ce, gwamnati ce: hukumomi barkatai, shingayen hanya daga Kano zuwa Legas, na goro a kowane tebur, da dokokin da ke karo da juna. Wannan ma ba ƙarya ba ne. Dokar hana fitar da kaya ta 1989 ta lissafa wake da doya da rogo da masara da shinkafa, amma a Yunin 2017 ma'aikatar gona da kanta ta yi bikin tura doya zuwa Birtaniya da Amurka, wadda aka ba da rahoton cewa wani ɓangare nata ya isa a ruɓe. Ƙasar da ke son a bi doka dole ta fara tsabtace dokar. Duk da haka, wannan hujja tana ƙarfafa buƙatar horo ne maimakon ta rushe ta. Jami'in da ke neman na goro ya fi samun dama a kan wanda takardunsa ba su cika ba, ko wanda bai san nawa ne kuɗin hukuma na gaskiya ba. Mutumin da ya san cewa kashi 0.5 ne, ya san ofishin da ke da hurumin duba kayansa da wanda ba shi da shi, yana da wuyar tatsa. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ta san sashen dokar da ke cutar da ita za ta iya zuwa majalisa ta ce a soke sashe kaza, a maimakon kukan da aka saba yi na cewa gwamnati ta duba lamarinmu.

Wasu kuma za su ce kakanninmu sun yi fatauci daga Kano zuwa Gwanja da Agadas da Turabulus babu fom ko ɗaya, kuma har yau tireloli na tashi daga kasuwar Dawanau ta Kano zuwa Maraɗi da Damagaram da Njamena bisa amana. Amma fataken wancan zamani ba su yi tafiya a makance ba: madugu ya san fiton kowane kogi da kuɗin kowace ƙasar sarki, ya san abin da aka hana shiga da shi wane gari, kuma saboda wannan sanin ake ba shi jagoranci. Abin da ya sauya shi ne yanzu ƙa'idar a rubuce take, kuma tana sauyawa da sauri. Rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin ECOWAS bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025, duk sun nuna cewa amana kaɗai ba ta ƙetare da kaya idan an sa sarƙa a kan iyaka. A ɗaya gefen kuma akwai riba da ake bari a ƙasa. Yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, tana rage haraji ne ga wanda ya iya tabbatar da asalin kayansa da takarda. Mai takalmin fata a Kano ko mai man gyaɗa da bai san ƙa'idar asalin kaya ba zai biya cikakken haraji a Akara ko Nairobi, abokin gasarsa da ya sani ya wuce da rangwame.

Ba a rasa masu ba da horo ba. NEPC tana shirya taruka, bankuna na yi, ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje na yi, kuma wasu sun amfana. Inda nake ganin gazawa shi ne wurin da ake yi, da harshen da ake yi da shi, da mutanen da ake gayyata. Horon da ya dace da mu mataki-mataki ne. Yaron sito da ɗan sari da mai shanya suna buƙatar awa biyu da Hausa a cikin kasuwa, da buhu da kwalbar magani a gabansu, a nuna musu abin da ake yi da wanda ba a yi, a maimaita kowace kaka kafin sabon kaya ya shigo, a kuma watsa shi a rediyo da saƙon murya na WhatsApp, domin nan ne mutanenmu ke sauraro. Dillali da mai tara kaya suna buƙatar koyon rubuta asalin kowane lodi, daga wace kasuwa, wane wata, wane magani, saboda idan matsala ta taso a san buhunan da za a ware ba tare da an zubar da kwantena duka ba. Kamfanin da sunansa ke kan takarda kuwa yana buƙatar mutum ɗaya aƙalla, ko da ɗan mai gidan ne da ya gama jami'a, wanda aikinsa shi ne bin sanarwar kwastam da Babban Banki da ƙasashen da ake kai wa kaya, da duba sunan masu saye, da adana takardu na shekaru, kuma a ba shi ikon cewa wannan lodi ba zai tashi ba ko da mai gida yana gaggawa. Wannan ikon shi ne abin da ya fi wuya a gidajen kasuwancinmu, inda yaro ba ya musa wa babba, kuma shi ya sa dole masu gidan su ma su zauna a aji.

Wa zai biya? Ina ganin ba daidai ba ne a jira gwamnati ko masu agaji, domin shirin agaji yana ƙarewa da ƙarewar kuɗinsa. Ƙungiyar kasuwar Dawanau, da ƙungiyoyin masu riɗi da zoɓo da citta, da cibiyar ciniki ta KACCIMA suna da mambobi, suna karɓar kuɗin ƙungiya, kuma suna da abin da babu wata hukuma da ke da shi, wato ikon hana mutum ciniki a layinsu idan ya ɓata suna. Ƙaramin kaso a kan kowace tirela zai ɗauki nauyin malamai da na'urar gwajin danshi da ta gwajin guba a cikin kasuwa. Jami'ar Bayero da kwalejojin kimiyya na Kano da Kaduna da Jigawa za su iya tsara gajeren kwas na wata uku ga jami'an kamfanoni, a fassara ƙa'idojin zuwa Hausa a kuma riƙa sabunta su. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne ta sa jami'an NAQS da NAFDAC da kwastam su zauna a tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala da Funtuwa da cikakken ikon kammala bincike a nan, ta kuma sa shaidar wannan horo cikin sharuɗɗan sabunta rajistar NEPC, a ba ƙananan 'yan kasuwa shekara guda su shirya kafin sharaɗin ya fara aiki.